Manhajar auna haɗarin rance a Kebbi: abin da aka danna a fadama shi ke fitowa a teburin manaja

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, bai wa manomin shinkafa bashi ya daina zama harkar dillali da attajirin ƙauye kaɗai. Manyan bankuna da ƙanana, kamfanonin casa da ƙungiyoyin manoma duk sun shigo. Kuɗi masu yawa sun fita, an kuma sha wuya wajen dawo da su. Shi ya sa yanzu kusan duk mai ba da rance yake neman manhajar da za ta gaya masa wa zai biya, wa zai gaza, da nawa zai ware saboda asara. Masu tallar irin wannan manhaja lissafin cikinta suke ta yabo. A Argungu ko Suru kuwa ba kasafai lissafi ke kayar da ita ba. Wuri biyu take faɗuwa: inda bayani ke shiga, wato wayar jami'in rance a bakin gona, da inda gargaɗi ke fita, wato allon da manaja ke kallo kafin ya sa hannu.

Lissafin kansa gajere ne. Abu uku ake ninkawa: yiwuwar mutum ya kasa biya, kason da za a rasa idan ya kasa, da kuɗin da ke kansa a lokacin. A ɗauka manomi ya karɓi naira 500,000, an ƙiyasta yiwuwar gazawarsa kashi 10 cikin 100, kuma idan ya gaza kashi 60 cikin 100 ba za su dawo ba. Asarar da ake tsammani naira 30,000 ke nan. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta IFRS 9, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, ta raba bashi mataki uku: lafiyayye, wanda haɗarinsa ya ƙaru sosai, da wanda ya lalace, kuma jinkirin kwana 30 da na kwana 90 su ne alamomin da aka fi dogara da su wajen sauya mataki. Sa wannan a kwamfuta ba wani aiki ba ne. Amma kashi 10 ɗin nan daga ina ya fito? Daga girman gona, buhunan da aka samu bara, tushen ruwa, da bashin da ke kan mutum a wani wuri. Duk kuma jami'i ne ya danna su da babban yatsa, yana tsaye cikin rana, manoma ashirin na jiransa, cajin wayarsa na neman ƙarewa.

Saboda haka binciken masu amfani da manhaja daga wannan jami'in yake farawa, ko da yake ba shi ke biyan kuɗin aikin ba. Aƙalla mutum huɗu ke taɓa rance ɗaya: jami'in da ke zuwa gona, shugaban reshe da ke amincewa, jami'in kula da haɗari a hedikwata, da mai binciken kuɗi da zai zo daga baya. Bukatunsu na karo da juna. Na hedikwata yana son gurbi hamsin a cike, na gona yana son ya gama da mutum cikin minti goma. Idan da na hedikwata kaɗai aka zauna, kamar yadda aka saba, za a samu fom mai kyan gani da ke cike da ƙarya.

Tambaya a ofis ba ta fito da gaskiya, balle a ƙasar da ƙarami ba ya kushe abin da babba ya kawo. Ka tambayi jami'i a gaban manajansa yadda manhaja take, amsar ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, ba ta da matsala." Hanyar da ke aiki ita ce a bi shi wuni guda, daga reshe zuwa gona zuwa dawowa, a yi shiru a kalla. Maimakon a ce "me kake so a gyara", a ce "Malam, nuna mini rance na ƙarshe da aka dawo maka da shi, mu bi shi daga farko." Sannan a duba abin da ke aljihunsa. Ƙaramin littafin da yake rubutu a ciki, hotunan takardu da yake turawa ta WhatsApp, da jadawalin Excel da shugaban reshe ya ƙirƙiro wa kansa, su ne shaidar abin da manhajar ta kasa yi. Inda masu karɓar rancen mata ne, kamar masu turara shinkafa a gida, mace ce za ta yi binciken, in ba haka ba a zaure za a tsaya a ji labari daga bakin maigida. Kafin a ɗauki hoton allo ko murya a nemi izini, a rufe suna da lambar BVN, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hau kan mai bincike kamar yadda ta hau kan banki.

Abin da irin wannan bibiya ke tonowa da wuri shi ne rikicin ma'auni. Manhaja ta ce a sa girman gona da hekta. Manomi ya ce kadada biyu gare shi, alhali abin da yake nufi ya fi kusa da eka. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, don haka da zarar jami'i ya danna 2, gona ta kumbura ninki biyu da rabi, taki da iri da kuɗin da za a ba shi su ma sun kumbura, amfanin da ake tsammani ya zama na mafarki. Buhu ma haka. Buhu 40 mai kilo 100 tan huɗu ne, buhu 40 mai kilo 75 tan uku ne, kuma kowa "buhu arba'in" zai ce. Maganin a wajen tsara allo yake. Kada a bar gurbin lamba shi kaɗai: a sa jami'i ya zaɓi ma'aunin da manomi ya ambata, manhaja ta juya da kanta ta nuna sakamako. Girman gona kuwa a zagaya iyakarta da waya a auna, a ajiye abin da aka auna da abin da aka faɗa gefe da gefe. Idan tazarar ta yi yawa, ita kanta bayani ce game da mai neman rancen.

Gurbin dole shi ne babban mai haifar da ƙarya. Idan manhaja ta ƙi wucewa sai an sa kuɗin shigar wata, manomi kuma ba ya lissafi da wata, jami'i zai sa abin da ya san yana wucewa. Cikin mako biyu duk reshe ya haddace lambar. A duba bayanan da aka tara: idan rabin manoman ƙaramar hukuma suna da kuɗin shiga iri ɗaya daidai wa daida, fom ne ya rubuta, ba su ba. A ba jami'i zaɓin "ba a sani ba" da na "ƙiyasi ne", a bar lissafi ya ɗauki rashin sanin a matsayin ƙarin haɗari. Gurbin da aka cike tun daga ofis, kamar amfanin hekta da aka sa wa kowa, shi ma ba wanda zai taɓa shi, gara a bar shi fanko. Duk gurbin da ba wanda zai iya faɗin shawarar da yake sauyawa, a cire shi.

Suna ba ya bambance mutum a nan. A ƙauye ɗaya za a samu Abubakar Muhammad biyar, mutum ɗaya kuma an rubuta shi Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan. Lambar waya ɗaya na iya zama ta gida guda. Allon nema ya dogara da BVN ko NIN, kowacce lamba 11, ya nuna hoto da sunan ƙauye kafin a buɗe fayil. Sakamakon binciken bashi daga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, ya fito a allo ɗaya da buƙatar rancen. Idan sai an buɗe wani shafi daban, ranar cunkoso ba za a buɗe ba.

Sai kuɗi. Sifili ɗaya ne tsakanin 500000 da 5000000, ido kuma ba ya kama shi a ƙaramin allo. Manhaja ta riƙa sa waƙafi yayin da ake dannawa, ta kuma rubuta adadin da kalmomi a ƙasa: naira miliyan biyar.

Sabis ɗin waya a fadama abu ne da ba a gina aiki a kansa. Makwabta a Zamfara sun ga ƙarshen lamarin a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. Ko ba haka ba, sabis mai zuwa yana ɗaukewa ya fi rashinsa ɓarna: jami'i ya danna "tura", allo ya tsaya, ya sake dannawa sau uku, rance ɗaya ya shiga sau uku. Dole kowace buƙata ta samu lambarta tun a waya, yadda ko sau nawa aka tura sau ɗaya za ta shiga. Kuma allo ya faɗa ƙarara a wane hali take: an ajiye a waya, an tura, ko an karɓa. A ɓangaren manaja, kowane adadi ya zo da ranar da aka sabunta shi. Reshen da bayanansa ba su iso ba tun kwana tara bai kamata ya fito kore ba, ya fito da alamar cewa ba a ji daga gare shi ba.

Yanzu ga wurin da ya fi tsada, wato abin da manaja ke gani. Yawancin manhajojin da ake kawowa an gina su ne don mai albashi ko ɗan kasuwa da ke biya wata-wata. Shinkafa irin Faro 44 tana ɗaukar kusan wata huɗu, kuma manomi ba shi da abin biya sai ya girbe, ya sussuka, ya sayar. Idan aka ɗora masa jadawalin wata-wata, kafin shinkafa ta yi ciki allo ya riga ya yi ja. Manajan da ya ga ja ɗari biyu kowace safiya, ya kuma san yawancinsu lafiya lau suke, zai koyi share su ba tare da karantawa ba, ranar da na gaskiya ya zo shi ma ya bi sahu. Idan kuma aka gyara aka ce biya ɗaya bayan girbi, an koma ɗaya matsalar. Ma'aunin da ƙananan bankuna suka saba da shi, kason bashin da jinkirinsa ya wuce kwana 30, zai zauna a sifili duk tsawon noman. Allo kore shar har ranar biya, sannan komai ya rufta lokaci guda.

Abin da manaja ke bukata a waɗannan watanni alamomin gona ne, ba na asusu ba. An yi dashe a kan lokaci? Takin da aka bayar ya shiga gona, ko ya shiga kasuwa? An zuba na biyu? Injin ban-ruwa na aiki? A noman rani fetur ne ran gona, kuma bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin ban-ruwa ya tashi yadda kasafin da aka yi da tsohon farashi ya zama takarda kawai. Manomin da ya rage ban-ruwa don ba shi da kuɗin mai ya riga ya shiga haɗari wata biyu kafin asusunsa ya nuna. Haka saukar tsuntsayen jan-baki lokacin da shinkafa ke nuna. Ziyara uku ko huɗu a kaka, kowacce da tambaya biyar da hoto ɗaya mai ɗauke da wuri da lokaci, sun wadatar. Abin lura shi ne kada ziyarar ta zama wani dogon fom, don idan ta zama, a ƙarƙashin bishiya za a cike ta ba a je gonar ba.

Akwai kuma haɗarin da jerin sunaye ba ya iya nunawa ko kaɗan. A koma ga lissafin farko. Manoma 200, kowa naira 500,000, jimla naira miliyan 100, asarar da ake tsammani miliyan 6. Wannan ya yi daidai ne idan gazawar wani ba ta da alaƙa da ta wani. To a ce 140 daga cikinsu a fadama ɗaya suke, a gefen Gulbin Rima. Ruwa ɗaya zai ci su. Miliyan 70 ke nan a bakin ambaliya guda, idan kuma kashi 60 cikin 100 suka tafi, asarar ta kai miliyan 42, ninki bakwai na abin da allo ya nuna. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2020, da ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Kowane manomi a jerin zai iya fitowa kore, jakar bashin gaba ɗaya kuma tana bakin rami. Don haka allon farko na jami'in haɗari taswira ya kamata ya zama, ko aƙalla tebur da ya tara kuɗi bisa abin da ya haɗa mutane: fadama ɗaya, damina ko rani, mai saye ɗaya, mai kawo taki ɗaya, shugaban ƙungiya ɗaya da ya tsaya wa mutane da yawa. A kansa a ɗora hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet da hasashen ambaliya na hukumar lura da ruwa ta NIHSA, waɗanda ake fitarwa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Kuma lokacin da shugaban reshe zai amince da sabon rance, layi ɗaya ya gaya masa cewa da wannan, kuɗin da ke wannan fadama ya kai kaza cikin iyakar da aka sa. A nan ne gargaɗi ke da amfani, kafin kuɗi su fita.

Maki kaɗai, a ce 62 cikin 100, ba ya gaya wa kowa abin yi. A ƙarƙashinsa a jera dalilai uku mafi nauyi da harshen aiki: gona tana inda ruwa ya ci a baya, akwai bashin wani wuri da ba a gama biya ba, girman da aka faɗa ya zarce wanda aka auna. Launi kada ya tsaya shi kaɗai, domin akwai mazan da ba sa bambance ja da kore, rana kuma tana wanke launin allo. A haɗa shi da kalma.

Sa hannun mutum biyu ko uku, da bankuna ke tinƙaho da shi, ba ya kare komai idan duka allo ɗaya mai ruɗarwa suke kallo. A Agustan 2020 bankin Citibank na Amurka ya yi niyyar biyan kuɗin ruwa na kusan dala miliyan 8 a madadin kamfanin Revlon, sai ya tura kusan dala miliyan 900 ga masu bin bashi. Mutum uku ne suka duba. A manhajar Flexcube da suka yi amfani da ita, sai an cike gurabe uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki, su kuwa ɗaya suka cike, dukansu suna ganin ya isa. Darasin ga mai tsara allo a bayyane yake: allon mai amincewa kada ya zama kwafin na mai shigarwa. Ya faɗi abin da zai faru da jimla guda, a ce naira kaza za su fita zuwa asusun wane a ƙauye kaza yau, ya kuma haska abin da ya saɓa wa al'ada. "Ka tabbata?" ba tambaya ba ce, kowa "eh" yake dannawa. A babban adadi, a sa mai amincewa ya sake rubuta kuɗin da hannunsa.

Wani gurbin da manhajojin waje ba su da shi shi ne biya da amfanin gona. A tsarin da kamfanin casa ke tsaya wa manoma, da shanshera ake biya, don haka allo na bukatar yawan buhu, nauyi, danshi da farashin ranar. Shinkafa mai danshi ta fi busasshiya nauyi, kuma rigimar ragin da ake yi saboda danshi tana cikin abin da ke tura manomi ya sayar wa dillali a ɓoye. Idan ba inda za a rubuta wannan, mutumin da ya kai buhunansa zai ci gaba da fitowa a matsayin wanda bai biya ba har sai an daidaita takardu. Haka bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, shi ma manhajojin ba su dace da shi ba. A murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa manomi bashi, riba ƙayyadadda ce tun ranar ciniki, ba ta ƙaruwa da jinkiri, a salam kuma, wato banki ya biya kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, kaya ake bin manomi ba kuɗi ba, haɗarin farashi yana kan mai saye, wato bankin. Sauya rubutun "kuɗin ruwa" zuwa "riba" a allo, lissafin ƙasa yana nan yadda yake, yaudara ce da malamai da manoma za su gano.

Gwaji ba ya bukatar jiran a gama gini. A zana allon a takarda, a ba jami'i aiki na gaske, a ce ga manomi ga bayanansa, shigar da shi, sannan mai gwaji ya kama bakinsa. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da nuna cewa mutum biyar sukan tono mafi yawan matsalolin allo, amma sai an ɗauko masu gwaji daga kowane rukuni, ba biyar daga hedikwata kaɗai ba. Idan an kai ga waya, a gwada a irin wadda jami'ai ke riƙewa, Tecno ko itel mai tsagaggen gilashi, a waje da tsakar rana, an kashe data. Ga manajoji akwai gwajin da ya fi kowanne fallasa allo: a ba su fayil goma, a ɓoye kuskure a biyu, ɗaya ƙarin sifili, ɗaya gonar da ta kumbura, a ga nawa za su kama da minti nawa. Idan sun ce allon ya yi kyau amma kuskuren ya wuce, allon ya faɗi.

Dole kuma a bar wa ɗan Adam ƙofar saɓa wa manhaja. Jami'in da ya shekara goma a Bagudo ko Yauri ya san wanda ke biya ko ruwa ya ci gonarsa, ya san wanda ba ya biya ko ya cika rumbu. Idan aka toshe ƙofar, zai koma ya gyara lambobin shiga har maki ya ba shi abin da yake so, bayanan su lalace ba wanda ya sani. A ba shi maɓallin saɓawa, ya zaɓi dalili daga gajeren jeri, ya ƙara jimla ɗaya, sunansa ya hau kai. Bayan girbi a ware duk rancen da aka saɓa a kwatanta da sauran. Inda jami'ai suka fi manhaja gaskiya, akwai abin da suke gani da ya kamata ya zama sabon gurbi. Inda saɓawar ta taru a hannun mutum ɗaya da ƙauye ɗaya kuma ba a biya ba, aikin mai binciken kuɗi ne. Duk sauyin da wannan bita ta haifar a sake shi tsakanin kaka da kaka, bayan an gama karɓar biya kuma kafin a buɗe rajistar noman rani, ba a makon rabon taki ba, lokacin da jami'i ba shi da minti ɗaya na neman inda aka mayar da maɓalli.